Nehemiah, Mutumin Ƙarshen Layi

Jawabin da Vandi Emmanuel ya yi a madadin matasan Sahuda, a taron cika shekara da rasuwar Nehemiah Ishiyaku.

Mai girma Jauro, ranka ya daɗe. Rabaran da dattawan ikilisiya, Liman da maƙwabtanmu Musulmi da suka rufe shagunansu suka zo, Kansila da ya taso tun daga Gella, iyayenmu na Zumuntar Mata, ina gaishe ku baki ɗaya. Baba Ishiyaku, Mama Elizabet, sannunku da haƙuri. Liyatu, matar ɗan'uwanmu, sannu. Timothy, ƙanin marigayi, kai ma sannu, kuma ka daina sunkuyar da kai, maganarka na nan tafe.

Da matasa suka ce ni zan yi magana, sai da Rabaran ya ja ni gefe ya ce, "Vandi, taron tunawa ne fa, ba kamfen ba. Ka riƙe bakinka." Na ce masa zan gwada. Gaskiyarsa ce. Da a ranar da muka binne Nehemiah aka miƙa min abin maganar nan, da ba wanda zai bar filin nan bai samu rabonsa ba, har ni kaina. Amma yau raina a sanyaye yake, kuma zan gaya muku dalili. Tun ranar da muka rufe kabarin nan abu ɗaya ne a ran kowa: ko Timothy zai bi yayansa. Ba wanda ya furta. Kallon yaron ake yi a kawar da kai. Makon jiya muka dawo daga Yola da amsa. Zan kai ku wurin, amma sai na bi ta kan Nehemiah, don ba don shi ba da ko tambayar ba mu san za mu yi ba.

Baƙinmu na cikin gari, ku da kuka san masara a cikin buhu kawai, bari in gaya muku yadda gayya take a nan. Mai gona ya kira, mata su tuƙa tuwo su dama kunu, samari su jeru a bakin gona, kowa da garmarsa, kowa da layinsa, mai ganga na biye da su. Wanda ya fara kaiwa ƙarshe, 'yan mata su rangaɗa masa guɗa. Wanda ya zo na ƙarshe shi ma yana da waƙarsa, kuma sunansa Wutsiya har sai wata gayyar ta ɗora sunan a kan wani. Al'adarmu ce, ba na zaginta, ita ta ciyar da mu. Sai dai a Sahuda sunan nan ya daina yawo. Tun Nehemiah yana saurayi ya sauka a kansa, bai ƙara tashi ba.

Ya kasance mutum ne da ba a taɓa kiran gayya ya ƙi zuwa ba. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Ya san abin da ke jiransa a gonar, ya san waƙar, ya san masu rera ta, amma shi ne yake riga kowa isa. A fara tare, kafaɗa da kafaɗa. Kafin a kai tsakiyar gona sai ka ga ya tsaya, ya jingina da ƙotar garma, baki a buɗe, jijiyar wuyansa na bugawa har daga nesa kana gani. Sai Jatau, gwarzon gayyarmu, wanda ba a taɓa riga shi kaiwa ƙarshe ba, ya waiwayo ya ce, "Nehemiah, kujera zan aiko maka ko katifa?" Shi kuma ya jira numfashi ya dawo, ya ce, "Aiko duka biyun. Ka zauna a kujerar ka yi min fifita."

Ya kasance mutum ne da bai taɓa barin layinsa rabi ba. Kowa ya wanke hannu yana cin tuwo a inuwa, shi yana can shi kaɗai a rana, yana sara yana tsayawa, yana sara yana tsayawa, har ya kai. In masara ta fito, ba sai an nuna maka layinsa ba, shi ne wanda ya miƙe kamar an ja igiya.

Ya kasance mutum ne da ba ya riƙe kowa a rai, abin da ni kam ban iya ba. Na taɓa fasa wa mutum leɓe a kan sunan nan. Yana nan zaune, ba zan nuna shi ba, tabon ya isa. Nehemiah bai gode min ba. Cewa ya yi, "Kai Vandi, ni ake zagi, kai kake haki. Wa ya aike ka?"

To amma ko ni mai damben, ban taɓa tambayar me ya sa yake tsayawa ba. Ba wanda ya tambaya. Mun riga mun ba abin suna, lalaci, mun huta da tunani.

Liyatu ce ta fara ƙin yarda. Ita ta ga takalminsa ya daina shiga ƙafarsa. Ita ta ga ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai a bayansa. Ta tasa shi gaba har kilinik, Sista Habibat ta ɗora masa abin sauraren ƙirji, ta daɗe tana ji, sannan ta ce wannan ba nata ba ne, sai Yola. Nehemiah ya same ni a garejinmu na Sabon Layi, ina ƙarƙashin keke napep ina gyara, ya shuri ƙafata ya ce, "Farfesa, tashi ka raka ni. Za su ba ni takarda da Turanci." Farfesan takardar ƙosai yake kirana, don ni a firamare na tsaya, sauran karatun a tsoffin jaridun da ake ƙunshe ƙosai da littafin waƙoƙin coci da waya na tsince shi.

Aka yi masa hoton zuciya. Likitan ya juyo mana da allon ya ce zuciya tana da ƙofofi da suke buɗewa suna rufewa don jini ya tafi gaba. Tasa ɗaya ta ƙanƙance, ba ta buɗewa sosai, ba ta kuma rufewa sosai. Ya tambaye shi yaushe ya fara haki. Ya ce tun yana saurayi. Ya ce wace sana'a yake yi. Ya ce noma. Likita ya ajiye biro ya ce, "Da wannan zuciyar?"

Sannan ya tambaya ko yana yaro ya sha fama da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ko gwiwoyinsa sun taɓa kumbura su yi zafi. Muka kira Mama a waya. Ta ce ƙwarai kuwa, kusan kowace damina, har sai da aka kai shi wurin wanzami aka cire masa belu. Likita ya ce daga ciwon maƙogwaron nan abin ya faro. Akwai irin ciwon maƙogwaron da in ba a kashe ƙwayar cutarsa da maganin asibiti ba, maƙogwaron zai warke, amma jiki ya koma yana cin ƙofofin zuciya a hankali, shekara da shekaru, ba wanda ya sani.

Mama, ki ɗago ki dube ni. Ba laifinki ba ne. Abin da aka yi miki kina yarinya shi kika yi wa ɗanki, kuma don kina sonsa kika goya shi har gidan wanzamin. Duk matan da ke zaune kusa da ke haka suka yi.

A motar dawowa ina ta neman wanda zan zaga ban samu ba. Mun wuce Hong sai na ji mutumin nan yana dariya shi kaɗai. Na ce lafiya? Ya ce, "Vandi, ashe ni ba rago ba ne."

Jama'a, kun ji abin da muka yi. Mun faɗa, mun rera, mun maimaita, har shi kansa ya yarda. An gaya masa zuciyarsa ta lalace, an gaya masa aikin da za a yi mata sai a nesa kuma an makara, amma abin da ya ɗauko ya taho da shi gida shi ne ba rago ba ne. Rabaran, ka gani, ina riƙe bakina.

Wani da haka ta same shi, da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ko ya bi mu gida gida yana tuna mana. Nehemiah bai yi ko ɗaya ba. Ya sha magungunansa, ya karɓi allurarsa ta wata wata, kuma da damina ta zagayo aka kira gayya, sai ga shi. Ba garma a hannunsa. Ya samu gindin bishiya ya zauna da jarkar ruwa, yana kallon ƙarshen layi.

Ya kasance mutum ne da ya mai da abin kunyarsa aiki. Wa ya fi shi sanin yadda mai hakin gajiya yake, da yadda mai hakin ciwo yake? In ya ga saurayi ya tsaya ya dafe ƙirji, sai ya kira shi, ya ba shi ruwa, ya tambaye shi a hankali ko yana iya hawo gangaren mayo, wato rafinmu, ba tare da ya tsaya ba, ko ƙafarsa na kumbura, ko zuciyarsa na tsalle haka kawai. Ya je filin ƙwallo. Ya je tashar keke. Ya je ƙofar masallaci ya nemi izinin Liman. Ya shiga taron Zumuntar Mata, namiji shi kaɗai, ya ce musu yaro in ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi kilinik, ba gidan wanzami ba, a ba shi magani, kuma ya shanye shi duka ko da ya warke. Wanzamin unguwarmu ya daina amsa gaisuwarsa. Nehemiah ya je ya zauna a bencinsa ya ce, "Baba, aski na zo. Kaina naka ne, maƙogwaron yara ne kawai nake roƙo." Aka yi askin, aka shirya.

Shi ne ya matsa wa Sista Habibat har ta fara zuwa da abin awon jini bayan sujadar Lahadi da kuma ranar kasuwa. Samari suka ƙi zuwa, wai hawan jini ciwon tsofaffi ne da masu tumbi. Jatau ne ya fara miƙa hannu, don ya nuna mana yadda jinin namiji yake. Sista ta gwada, ta canza hannu ta sake gwadawa, ta ce ya dawo wani makon, ta sake. Ta ce, "Jatau, me kake ci?" Ya ce abin da kowa ke ci. Aka bi diddigi, ashe abin da kowa ke ci shi ne taliya da magi sai ka ce don shi aka yi kamfanin, gishiri a kan gishiri, lemon ƙarfi na gwangwani kafin aiki da bayan aiki, taba a bayan kunne. Gwarzon gayya, bai kai talatin da biyar ba, yana yawo da jinin da zai iya kayar da shi a tsakiyar gona. Nehemiah ya dube shi ya ce, "Kujera zan aiko maka ko katifa?" Jatau ya ba ni izinin faɗin wannan. Yau yana shan maganinsa kullum, ya bar taba, kuma har gobe ba mai riga shi.

Mutum ɗaya ne Nehemiah ya kasa, kuma a cikin gidansu yake. Baba, ka yi min afuwa, kai ma na nemi izininka, ka ce in faɗa yadda aka yi.

Nehemiah ya ga Timothy ya fara tsayawa a tsakiyar layi. A ɗaki ɗaya suka taso, ciwon maƙogwaro ɗaya suka sha, wanzami ɗaya. Ya ce a kai shi Yola a duba. Baba ya ce ba inda za shi. Ya ce, "Kafin su faɗa maka sunan ciwo, da ƙafarka kake zuwa gona. Suka faɗa, ka zauna. Yanzu wannan ma kana so su zaunar min da shi? Wa zai ba shi mata in an ji?" Timothy kuwa ba zai tsallake maganar ubansa ba, kuma shi kansa tsoron amsar yake yi. Aka je aka dawo a kan maganar nan, Rabaran ya sa baki, Sista ta sa baki, ni ma na sa baki aka kore ni daga gidan, kuma na cancanta.

Haka damina ta bara ta zo, ƙafafun Nehemiah suka ƙara kumbura, magani ya daina riƙe shi. Zuwana na ƙarshe da rana ne, yana zaune a ƙofar ɗaki, Liyatu na yi masa fifita. Magana na yi masa wuya. Na fara surutuna, ya ɗaga min hannu ya ce, "Kar ka zagi Baba. Tsoro yake ji. Amma kar ku bar Timothy." Bai ƙara mako ba.

Ban zagi Baba ba. Allah ne shaidata, abin ya yi min wuya. Amma rasuwar ma ba ta sauya shi ba, sai ma ta ƙara masa hujja: ga wanda aka kai Yola nan a ƙasa. Muka yi rani muna zuwa muna dawowa hannu wofi.

Sai bana, da ruwa ya zauna, Baba ya kira gayya a gonarsa ta bakin mayo. Kowa ya zo, don gidan makoki ne, hannu ɗaya ya ragu. Aka jeru, ganga ta tashi. Ba a kai tsakiya ba Timothy ya tsaya, ya jingina da ƙota, baki a buɗe. Tsayuwar yayansa sak. Mai ganga, da yake hannu ya saba, ya juya kiɗan ya koma na Wutsiya.

Jatau yana can gaba ya ji. Ya tsaya. Ya saɓa garmarsa ya dawo baya, ya wuce kowa, ya zo bayan Timothy ya zauna a ƙasa. Ba mu shirya ba, na rantse muku. Na kusa da shi ya dawo ya zauna, na gaba ya dawo, Musulmi da Kirista, har ya zama ba kowa a tsaye a gonar sai Timothy. Jatau ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba mai ƙara sara a gonar nan sai an kai yaron nan Yola."

Dattawa, kun fi ni sani, tun kakanninmu ba a taɓa jin an zauna wa mai gayya ba, ga tuwo an tuƙa, ga kunu an dama. Baba ya fusata. Ya ce tun ba a haife mu ba yake noma gonar nan, kuma ba ya bukatar 'ya'yan zamani. Ya fizge garmar daga hannun Timothy ya hau layin da kansa. Muna zaune muna kallo, kowa kansa a ƙasa. Ya sara, ya sara, ya yi nisa fiye da yadda na zata, don Baba namiji ne. Sannan ya tsaya, ya dafa gwiwa, yana haki. Ba abin da ake ji a gonar sai numfashin mutum biyu, na uba da na ɗa.

Mama Elizabet ce ta taso daga wurin tukwane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban Nehemiah, kai ka haura saba'in, ka yi rabin layi kafin ka yi wannan hakin. Shi shekaransa ashirin, bai kai inda ka kai ba. Na ba da ɗaya. Ba ni da na bayarwa kuma."

Baba ya daɗe a duƙe. Da ya miƙe, sai ya ce, "To ku tashi ku gama min gona, marasa kunya." Muka san ya yarda. Ranar aka gama gonar nan tun rana ba ta karkata ba.

Da kansa ya shiga motar Yola, makon jiya, bayan layin ganin likita ya zo kanmu. Ga abin da likita ya ce, kuma na sa ya maimaita don kar in ƙara ko in rage. Ciwon ya taɓa zuciyar Timothy, gaskiya ne. Amma ƙofar tana buɗewa, tana rufewa, yoyon kaɗan ne. Rabin hakin ma ƙarancin jini ne, kuma an ba shi maganinsa. Ba ya bukatar a yi masa aiki. Abin da yake bukata allura ce duk wata don ciwon ya tsaya inda yake, da zuwa a duba shi lokaci lokaci. Baba ya ce, "Zai yi noma?" Likita ya ce zai yi, ban da tsere. Baba ya ce, "Zai yi aure?" Likita ya ce wannan kam sai a tambayi 'yan matan Sahuda, amma zuciya ba za ta hana ba. Mun fito, Baba ya samu dakali ya zauna, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Ni da Timothy muka juya muna kallon motoci.

Shi ya sa na ce muku raina a sanyaye yake. Shekara guda ke nan rabona da in ja numfashi ya kai har ciki.

Baba, yanzu roƙona gare ka. Wahalar ba yanzu take ba, tana gaba, ranar da za ka ga Timothy ya yi ƙiba, ya daina haki, ya ɗauki buhu. Ranar ce wani zai zo ya ce ai ya warke, a bar allura. Wannan mutumin ka turo min shi gareji. Mama, ke ce mai tuna ranar. Liyatu, ke kika fara gani lokacin da garin nan duka yake dariya, kuma 'yarki Mercy za ta girma ta ji daga bakinmu cewa ubanta ya fi mu ƙarfi, don da rabin numfashi ya yi aikin da muka yi da cikakke. Iyaye mata, ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, kilinik. Samari, Sista Habibat na bakin ƙofa da abin awonta, ba wanda zai taɓa shinkafar taron nan sai ya miƙa hannu, Jatau ne mai tsaron tukunya. Masu ganga, ku ci gaba da kiɗanku, a yi guɗa, a yi wasa. Amma in mutum ɗaya ne kullum a baya, wani ya ajiye garma ya je ya tambaye shi.

A madadin iyali da matasan Sahuda, mun gode wa Jauro, mun gode wa Rabaran da Liman, mun gode wa Kansila, mun gode wa Sista Habibat da ba ta taɓa ce mana ta gaji ba, mun gode wa duk wanda ya tako ƙafa ya zo. Wanda bakina ya taɓa, ya yafe min.

Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji, kai ka ba mu Nehemiah, mun gane shi a makare, ka gafarta mana. Ka karɓe shi a wurinka, inda ba haki, ba kumburi. Ka ta'azantar da Baba da Mama, ka riƙe Liyatu da Mercy. Ka ba likitocinmu basira, ka ba mu kunnen jin su. Timothy kuwa ya karɓi allurarsa ta farko, ya ce min zafinta ya fi harbin kunama, ya yi kwana biyu yana zama da gefe ɗaya yana ƙorafi. Ya Ubangiji, ka ba shi tsawon ran da zai yi ta wannan ƙorafin, har 'ya'yansa su ji, har jikokinsa su gaji da ji.

Amin.